Yadda zaka juya ranar masoya ta koma ta iyaye, dangi da abokai a ƙauye

Duk shekara da watan Fabrairu ya kama sai kaga waya ta cika da jan fure da hoton zuciya, Facebook ja, TikTok ja, status ɗin WhatsApp ma ja, har a ƙauyukanmu na nan gefen Kura da Garun Malam sai kaji samari a majalisa suna ta lissafin 14 ga wata, me zaka kai mata, me ya kawo miki. Abinda yake damuna shine duk wannan hidimar a kan mutum ɗaya take ƙarewa, saurayi ko budurwa, alhali ga tsohuwa a ɗaki da ta shekara tana sa maka albarka, ga gwaggo a ƙauyen gaba da rabonka da ita tun sunan wani, ga aboki da kuka taso tare yanzu sai dai ku ɗaga wa juna hannu a kan mashin. Shi yasa na zauna na tsara yadda mutum zai ɗauki wannan lokacin ya kai ƙaunar inda ta fi cancanta, mataki bayan mataki, da abinda ke aljihunsa.

Kafin komai, maganar ranar kanta

Gara mu san abinda muke magana a kai. Ranar asalinta ta Kiristocin Rum ce, ta tunawa da wani malamin coci mai suna Valentine da aka kashe a ƙarni na 3, daga baya Fafaroma Gelasius ya sanya ta cikin ranakun coci wajen shekarar 496, sai can a ƙarni na 14 a Ingila aka fara haɗa ta da soyayyar namiji da mace. Saboda wannan asalin malamanmu da yawa sun ce musulmi ba zai riƙe ta a matsayin biki ba, kuma Hisbah a Kano ta sha jan kunnen jama'a a kan shagulgulan da ake yi a ranar. Ni ma a nan nake. Babu jan kaya, babu fati, babu ɗaukar ta kamar wata sallah ta uku. Amma ko a can ƙasashen waje ba kowa ya barta a hannun samari da 'yan mata ba, a Finland da Estoniya ranar abokai suka maida ita, a Meziko kuma soyayya da abota suke haɗawa. Mu da muke da zumunci tun kaka da kakanni ai mun fi kowa sanin inda ya kamata a kai ƙauna.

Toh matakin farko shine ka gyara niyya ka zaɓi ranarka. Niyyar sada zumunci zaka yi, kuma akwai hadisin Anas a Bukhari da Muslim cewa wanda yake son a buɗa masa arziki a tsawaita masa kwana to ya sada zumuncinsa. In zuciyarka bata kwanta da 14 ga wata ba, ka matsar da abin zuwa Juma'ar da ta fi kusa, ni ma ita nafi so, don ranar ce dama mutane suke wanka su sa kaya, gona da lambu ana sassauta musu, kowa kuma zaka same shi a gida bayan an sauko. Ka kuma duba kalandar musulunci, don shekarar wata tana gaza ta bature da kusan kwana 11, a 2026 ranar ta zo ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, a 2027 kuwa cikin azumin take, kaga a irin waɗannan shekarun duk abinda zaka kai sai ya zama kayan shan ruwa, gero, suga, dabino, girkin kuma a kai shi dab da magariba.

Lokacin ma yana da daɗin zumunci. An gama girbi hatsi yana rumbu, masu noman rani na Kadawa da Bunkure da na fadamar Haɗejiya suna ta ɗibar tumatir da albasa, kayan miya sun sauko, hanyoyin da damina take yankewa duk sun bushe, mashin zai kaika ko'ina.

Mataki na biyu: rubuta sunaye

Kar ka ce ai na san dangina. Ka samu takarda da biro ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, mako guda kafin ranar, ka jero mutane. Mahaifiya ce a sama, wannan babu jayayya, sau uku Annabi (SAW) ya ambace ta kafin ya ambaci uba da aka tambaye shi wa ya fi cancantar kyautatawa. Sai mahaifi, sai matan uba, kakanni, iyalinka, yayye da ƙanne. Waɗannan zasu zo maka da sauƙi.

Inda aikin yake shine layi na biyu, mutanen da ake mantawa dasu ba don ƙiyayya ba sai don basa gaban ido. Gwaggon da aka kai aure nesa tun kafin a haife ka. Kawun da ya tsufa ya daina zuwa kasuwa. Matar da ta goye ka lokacin da Inna take jego ko take jinya. Ungozomar unguwa. Malamin allon da ya fara ɗora maka bismillah. Matar baffanka da ya rasu, wadda tunda aka yi arba'in ƙafa ta ɗauke daga gidanta. Abokin da ya karye a sana'a ya daina fitowa majalisa don kunya. Almajirin da yake muku wanke-wanke da ɗiban ruwa shekara da shekaru, wanda wataƙila ko sunan garinsu baku taɓa tambaya ba. In ka rasa wa zaka ƙara, je ka zauna gefen tsohuwar gidanku ka ce Iya wai su wa muka daɗe bamu gaisar ba, wallahi zata jero maka gidaje har sai takardar ta cika.

A ƙasan takardar ka bar layi ɗaya na wanda kuka ɓata. Zamu zo kansa.

Daga nan sai ka raba sunayen gida uku, na cikin gida, na waɗanda ƙafa ko mashin zai kai ka, da na nesa da sai waya. Kar ka ɗora wa kanka gida ashirin a wuni ɗaya, ka zaɓi abinda zaka iya, ragowar ka raba su a Juma'o'in da suke tafe.

Mataki na uku: kuɗi

A nan zan taƙaita. Kar ka ci bashi, kar ka taɓa iri ko kuɗin taki. Ka ware abinda in ya fita ba zai hana gidanka cin tuwo ba. In kuna da guruf na 'yan gida a WhatsApp ku yi karo-karo, na birni da 'yan ci-rani su turo ta POS, na gida su sa ƙarfi da hatsi da itace, kuma a faɗi a fili nawa aka tara nawa aka kashe don ƙananan kuɗi irin waɗannan sune suke haɗa 'yan uwa faɗa. Mata masu adashi, in kwasarki ta zo kusa ki cire ɗan wani abu tun kafin ya narke. Sayayya kuma a yi ta ranar kasuwa, in kana kusa da Wudil ranar Juma'a ce, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, kowa dai ya san tasa, ka lissafa kasuwar ƙarshe da zata ci kafin ranarka.

Mataki na huɗu: kyautar da ta dace da mutum

Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa ku riƙa yi wa juna kyauta zaku so juna. Amma kyautar da take shiga rai sai an sa ido kafin a saye ta. Kwana biyu uku kafin kasuwa ka shiga ɗakin mutum ka duba da kyau. Tocilar Baba tana kamawa ko sai ya bubbuga ta? Butar alwalarsa tana yoyo? Takalmin Inna an ɗaure shi da waya? Bargon Kaka ya sha jiki har ana hango haske ta cikinsa? Rediyo akwai batir? Maganin hawan jini da likita ya rubuta saura ƙwaya nawa? Tsofaffinmu basa roƙo, zasu ce maka komai lafiya lau, idonka ne zai gaya maka gaskiya.

A wannan watan sanyi yana ja da baya amma ya riga ya yi ɓarnarsa a fata, shi yasa nake ganin babu kyautar da ta kai man kaɗanya ko basilin da sabulu ga tsoho. Ke kuma 'yar uwa in kina son ki ga abinda kuɗi baya saye, ki ɗumama ruwa ki zuba a roba, ki zaunar da Inna ko Kaka a kan tabarma inda rana take bugawa da hantsi, ki sa ƙafafunta a ciki su jiƙa kamar minti goma sha biyar, sannan ki ɗauki dutsen goge kaushi ki bi diddigen a hankali, inda faso ya tsage kar ki matsa, ki tsane da tsumma mai tsabta ki cika tsagar da man kaɗanya ki sa mata safa. Da farko zata ce ke bari, ni da na saba, ki ƙyale ta ki ci gaba. Kafin ki gama ƙafa ta biyu zaki ji ta fara baki labarin da baki taɓa ji ba, na aurenta, na shekarar da aka yi yunwa, na ranar da aka haife ki. In tana da ciwon suga kuma kika ga rauni ko wajen da ya canza kala, kar ki goge, a kai ta asibiti a duba, masu suga ciwon ƙafa baya musu da wasa. In ƙafar lafiya take sai ki ƙarasa da lalle da kitso.

Namiji shima yana da irin nasa. Ka kira wanzami ko kai da kanka ka yi wa Baba aski, ka yanke masa farce, ka wanke masa babbar riga ka kai guga, ka gyara dangar da iska ta kwantar, ka cika randunan gidan da ruwa, ka faskara itacen da zai kai su mako biyu.

Ga matar gida, turare, atamfa in da hali, ko hijabi, ko kuma ka dubi abinda yake wahalar da ita kullum a madafa ka canza mata shi. Mai mata biyu ko fiye, dan Allah a daidaita, iri ɗaya, ƙima ɗaya, a miƙa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ranar ƙauna zata koma ranar gaba ta wata guda. Yara ma haka, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta ne ya zo, kuma in akwai maraya ko ɗan riƙo a gidan shi za a fara miƙa wa. Rake yana kakarsa, sanda biyu a yayyanka ta ishi yaran gida murna, ga alawa, ga fensir da littafi. Dattawa goro da dabino. Aboki kuwa hula, ko katin waya, ko ka sa masa lita ɗaya ta mai a mashin ba tare da ya tambaya ba.

Mataki na biyar: tukunya

A ƙauye ƙauna a kwano take yawo, saboda haka girki shine ƙashin bayan wannan rana. Ki zaɓi abinda yake auki kuma ba kullum ake yinsa ba. Waina da miyar taushe, ko dambu da zogale, ko shinkafa da wake da mai da yaji in abin ya yi nauyi, babu wanda zai raina.

In waina ce aikin tun jajibiri yake farawa. A jiƙa shinkafar tuwo da safe, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa, a kai inji da yamma tun kafin layi ya yi tsawo, a sa yis a rufe. Ki tuna daren Fabrairu da sauran sanyi, ƙullu baya tashi da wuri, ki kai shi ɗaki mai ɗumi ki lulluɓe robar da tsohon zani, kar ki barshi a tsakar gida. Da asuba a hura wuta a ɗora tanda. Miyar kuma kabewa da alayyahu da gyaɗa, ga tumatir da tattasai suna arha, in an samu kaza ɗaya ko ƙashi daga wajen mahauci shikenan. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya yi miya ya yawaita ruwanta ya tuna da maƙwabtansa, Muslim ne ya ruwaito, toh ki ƙara ruwa ki ƙara kabewa, kwano ya kai gida bakwai ya fi nama ya tsaya a gida biyu. A dafa zoɓo da citta da kanumfari, tsofaffin da basa son sanyi a dama musu kunun gyaɗa. Maza kar ku zauna jiran a kawo, itace da ruwa da zuwa inji naku ne.

Sai aike. A jera kwanuka, kowanne a san gidan da zai je, a wanke yara a shafa musu mai, a koya musu abinda zasu faɗa: ki ce Inna tana gaishe ki, tace a kawo miki wannan, babu komai gaisuwa ce kawai. Wannan babu komai ɗin yana da amfani, don in ba a faɗa ba sai mutum ya tsaya tunanin ko suna aka yi ba a gaya masa ba. Kwanon ba zai dawo haka nan ba, wata zata zuba gyaɗa, wata kuka ko daddawa, wata ta ba yaron 'yan canji, yaba kyauta tukuici, kar a hana kuma kar a ƙwace wa yaron nasa. Gidan da kuka san babu, ku aika a roba ko leda mai kyau ku ce ba sai an dawo da ita ba, don kar a sa su jin nauyi.

Mataki na shida: zagaye

Zumunta a ƙafa take. Aiken kwano baya ɗauke maka zuwa. Ka fara da cikin gida da safe, ka durƙusa ka gaida iyaye kamar yadda aka saba amma yau kar ka miƙe da wuri. Na cikin gari bayan hantsi, na ƙauyukan gefe bayan azahar ko bayan an sauko Juma'a, ka lissafa yadda zaka dawo kafin duhu. Ka tafi da yaro ɗaya ko biyu su san dangi, yawancin yaranmu yanzu basu san hanyar gidan kawun babansu ba. Mace ta nemi izinin maigida tun da wuri, kai kuma maigida ka sa mai ka kai ta gidansu da kanka ka shiga ka gaida surukai, wannan kaɗai kyauta ce babba a wajenta.

In ka shiga gida, waya ta koma aljihu. Ka zauna a tabarma ka sha ruwan da aka kawo ko baka jin ƙishi, ka tambayi jiki, ka tambayi sanyi, ka tambayi dabbobi da na nesa. Minti ashirin da hankalinka yana wajen ta wadatar. Kar ka ɗauki hoton tsohuwa tana karɓar sabulu ka ɗora a status, mutuncinta ya fi yabon da za a yi maka. In kaka ce ko taubashi a sake a yi wasan da aka gada, ta ce mijin nawa sai yau, ka ce ai kuɗin cefane nake tarawa, dariyar nan ma rabin ziyarar ce.

Mataki na bakwai, wanda ya fi kowanne wuya

Ka faɗa da bakinka. Mu Hausawa muna da kunya, kuma kunya abu ne mai kyau, amma ta sa mutum zai shekara hamsin da mahaifinsa bai taɓa ce masa na gode ba, sai ranar da aka dawo daga maƙabarta maganar take taruwa a maƙogwaro babu wanda za a gaya wa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa in mutum yana son ɗan uwansa to ya sanar dashi yana sonsa. Umarni ne a sanar, ba a barshi a zuci ba.

Ba sai ka kwaikwayi maganar fim ba, muna da namu kalaman da suka dace da bakinmu. Ga uwa, ka bari sai ku biyu, bayan gaisuwa ka ce, Inna ina sane da wahalar da kuka sha a kanmu, ban manta ba, Allah ya saka da alheri, ku yafe min abinda na yi muku, ku ci gaba da sa min albarka. In kai ɗan fari ne kar ka jira ta kalle ka, zata kau da kai ne, wataƙila ta ce kai tashi ka ba mutane waje, ko ta hau gyaran bakin zani, alkunya ce, maganar ta shiga. Ga uba, ka kama abu ɗaya takamaimai da ya taɓa yi maka: Baba ina tuna shekarar da kuka sayar da tunkiya kuka biya min kuɗin jarrabawa, har yau ina cin albarkar wannan. Ambaton abu ɗaya irin wannan ya fi dogon yabo, don yana nuna masa ka gani kuma ka riƙe.

Ga matarka, ka gode mata a kan abinda kullum take yi ba a gode mata, tashin asuba, rainon yara, haƙuri da shekarar da babu. Ke ma ki gode masa a kan fita lambu cikin sanyi. In baki ya yi nauyi ka tura saƙon murya, ko ka rubuta a takarda da boko ko ajami ka ajiye inda zata gani.

Ga aboki kuwa kalmar tana nan a shirye, wane wallahi ina sonka saboda Allah. Amsarta ma an koyar damu a hadisi, Allah da ka so ni dominsa ya so ka. Zai iya yin dariya ya ce kai lafiya kuwa, kace lafiya lau, sunna ce nake rayawa. Ina tabbatar maka zai kwana da ita.

Na nesa

Kusan kowane gida a nan yana da wani a Legas ko Fatakwal ko Abuja, yana acaɓa ko gadi ko tura baro ko sayar da kayan gwari, ga 'yan makaranta, ga yaran da aka kai karatun allo gabas. Kar ka tura musu hoton fure da kowa yake turawa. Ka sa kati, ka je inda sabis yake kamawa, ka kira, sannan ka zagaya da wayar, Inna ta yi magana, Baba ya yi, matarsa da yaransa su yi. Ka yi cajin wayar tun da rana a shagon caji. Abu ɗaya nake roƙo, a wannan kiran kar a ambaci kuɗi ko kaɗan, mutanen nan sun saba duk kiran gida da buƙata yake zuwa har gabansu yana faɗuwa in sun ga lamba, a bari sau ɗaya su ji an kira ne don a ji muryarsu. In akwai direban da yake zuwa can a haɗa musu ƙullin yaji, kuka, ƙuli-ƙuli da dambun nama. Yaron da yake almajiranci kuma a kira malaminsa a haɗa ku, in da hali a je a gano shi da sabulu da rigar sanyi.

Kai kuma da kake can kana karanta wannan, kai ma zaka iya juya abin, ka tura wa ƙaninka kuɗin man kaɗanya da goro ka ce ya kai wa su wance da sunanka.

Layin ƙarshe na takarda

Yanzu mu koma kan wanda kuka ɓata. A ƙauye yawanci a kan iyakar gona ne, ko rabon gado, ko akuya ta shiga lambu, ko maganar da aka kai aka kawo a gidan biki. Shari'a bata yarda musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shine mafi alheri a cikinsu. Ga yadda zaka bi. Ka sa gidansa cikin gidajen da za a kai kwano, ba tare da wani saƙo na daban ba. In an karɓa, da yamma ka bi ta ƙofar gidansa ka yi sallama ku gaisa, iyakarta kenan, kar ka tada tsohuwar magana, kar ka nemi a tantance waye mai laifi. In abin ya yi zurfi ka nemi dattijo ɗaya da dukkanku kuke jin nauyinsa, liman ko mai unguwa ko babban kawu, ya raka ka. Maganar gona ko gado a sa mata wata rana daban a gaban manya, gaisuwa bata soke haƙƙin kowa ba. In an dawo da kwanon ba a taɓa ba kar ka yi fushi, ka sauke naka, wata Juma'ar ka sake yin sallama.

Dare

Bayan isha a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a hura 'yar wuta in da sanyi, a ci abinci tare, a bar Kaka ta yi wa yara gatanan gatananku, a sa wani babba ya jero musu sunayen kakanni har inda ya sani, wani ya ɗauka a waya don irin wannan ilimin da tsofaffi yake tafiya. Kafin a tashi a yi addu'a ga waɗanda suka rigamu. Su ma suna da rabo a ranar, maza su leƙa maƙabarta da safe ko da yamma, a yi sadaka da niyyarsu, kuma a kai kwano gidan aminansu, Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta.

Samari, majalisa taku ce daga nan. A haɗa kuɗi a sayi tsire ko balangu ko gurasa, a ɗora shayi a gawayi, wani ya tafi takanas ya ɗauko abokin nan da ya daina fitowa, ya ce masa ba a fara ba sai da kai. Mai budurwa kuma babu wanda ya hana ka zuwa zance yadda aka saba, a zaure ko ƙofar gida da sanin iyaye, amma ka riƙe goro ko sabulu na mahaifiyarta da alawar ƙannenta, in da gaske kake ka fara maganar turo manya.

Washegari ka ɗauko takardar nan ka rubuta a gefen kowane suna abinda idonka ya gani a gidan, ɗakin gwaggo da yake buƙatar yaɓe da kwanon rufi biyu kafin ruwan farko, maganin kawu da ya ƙare, yarinyar marigayi baffa da ta daina zuwa makaranta saboda yunifom, rijiyar gidan malam da babu guga. Ka tura a guruf ɗin gida kowa ya ɗauki ɗaya, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da watan da zai cika, aikin gini da rufi dai a gama shi kafin ƙarshen Mayu don da damina ta sauka kowa gona zai nufa.